Sunan da Ya Ɓuya a Bakin Iya

Da damunar bana shekara arba'in da shida ke nan da muka raka Iya makwancinta. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, don zuciyata ta ƙi yarda. Ni da nake ganin kamar shekaranjiya na baro ta a kan tabarma a ƙofar gida, ta miƙe ƙafafu tana kallon hanyar da ta yi arewa, yau ga shi na kusa kamo shekarunta. Idan hadari ya taso ya lulluɓe kan Dutsen Zuma har ka rasa inda dutse ya ƙare gajimare ya fara, sai in ji ƙamshin man gyaɗar da take matsa ya cika mini hanci, alhali ba kowa a tsakar gida sai kaji.

Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa yin nisa da garin nan ba, kuma da ta rasu ba ta bar gona ko shanu ba. Amma akwai abu guda da ta riƙe fiye da shekara sittin, ita kaɗai a duniya, kuma labarinsa nake so in bayar yau.

Jikata Zainab ce ta tono mini shi. Tana cikin mutanen nan da ke kwana a Suleja su wuni a Abuja. Ran nan ta biyo ta gidana daga wurin aiki tana huci, ta jefar da jaka a kujera, wai an kira sunanta a gaban baƙi an yi ta dariya.

"Kaka, don Allah wa ya ɗora mana wannan suna? Mutane suna da Abdullahi, suna da Bello, mu kuma sai Inazuwa?"

Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Kafin in buɗe baki wayarta ta yi ƙara, ta miƙe ta ce da ni, "Ina zuwa," ta fice. Yau mako uku ke nan ba ta dawo ta ji amsar ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta a jarida, wataƙila ta ci karo da shi a waya.

E, sunan gidanmu ke nan, Inazuwa. Haka yake a takardun makarantata, haka yake a takardar fanshona. Na kuwa sha wuya a kansa. A firamare in malam yana kiran suna ya zo kaina, "Usman Inazuwa," kafin in amsa 'yan aji sun haɗa baki sun ce, "Sai ka zo!" Na yi dambe a kan sunan nan har haƙorina ɗaya ya tafi. In na kai kuka gida, Baba ya ce, "Sunan kakanka ne," ya ci gaba da abin da yake yi.

Abin da muka sani game da kakan nan bai taka kara ya karya ba. Baƙo ne, daga arewa ya zo da kayan Turawa a ka, zamanin da garin nan namu shi ake kira Abuja, kuma babu wata Abuja a duniya sai shi. Ɗan dako ne. Ya zauna, ya auri Iya. Da yaƙin Turawa na farko ya tashi aka kwashi 'yan dako aka yi gabas da su wajen Kamaru, har da shi, Iya tana da cikin Baba. Bai dawo ba. Ba shi da dangi a nan, waɗanda suka shaida ɗaurin auren duk sun riga mu gidan gaskiya, gari kuwa da Inazuwa ya san shi. Ranar da aka kai Baba elementare aka tambayi sunan uba, kawunsa ya ce ɗan Inazuwa ne. Aka rubuta, shi ke nan ya bi mu har jikokin jikoki.

Kowa ya san babu uwar da za ta sa wa ɗanta Inazuwa. Akwai suna na gaskiya a ƙarƙashi, kuma mutum ɗaya tak ya san shi. Yaran yanzu za su ce, to a tambaye ta mana. Kayya! Ku da kuke ƙwala wa mazajenku kira da suna daga kicin, ina za ku gane? Matar zamanin Iya ba ta kama sunan mijinta, a gabansa ko a bayan idonsa, yana raye ko ya mutu. Baba kuma ɗan fari ne, ɗan farin da ba a yi masa ƙani ba, tsakaninsa da ita akwai kunya mai kauri. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da saƙo sai ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mutumin nan katangar baya ta tsage," shi kuwa yana tsaye a wurin. Shekara sittin suna gida ɗaya, bai taɓa iya tambayarta sunan ubansa ba.

Ni ne jika, ni ke da izinin rashin kunya. Angona take ce mini, ni kuma in ce mata amarya.

A shekarun saba'in na gama kwalejin horon malamai, na kama koyarwa, na sayi babur, na yi aure, kaina ya ɗan kumbura. Na ƙudura a raina cewa ɗana ba zai ji "sai ka zo" a aji ba. Na je kotu na karɓo takardar da ake cikewa a yi rantsuwa a canza suna, na ninke ta na sa a aljihun gaba. Layi ɗaya ne ya rage ban cike ba. Ba na so in tsinci suna a titi, na kakana nake so, na gaskiyar. Lokacin kuwa Iya ta fara jin jiki. Ƙafafunta sun kumbura, ta daina matsar mai, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ta huta sau biyu. Na san in ta tafi da sunan nan ya tafi ke nan, babu wanda za a sake tambaya har tashin duniya.

Na fara da wasa, yadda muka saba. Na same ta da hantsi tana shan iska, na zauna a gefen tabarma.

"Amarya, wannan mutumin da ya riga ni aurenki, yaya sunansa?"

"Kai, tafi can, mara kunya. Ka taɓa jin mace ta kama sunan mijinta?"

"To ai ni ma mijinki ne, kuma kina kama nawa in kin yi fushi."

"Kai mijin wasa ne. Ko barkono ba ka taɓa kawo mini ba."

Ta yi dariya har ta yi tari, ta mayar da idonta kan hanya. Na sake gwadawa washegari, na sake bayan kwana uku. Na ce ta raɗa mini a kunne, ta ce kunne ma ai ji yake yi. Na ce ta gaya wa wata tsohuwa ta gaya mini, ta ce tsofaffin da ta yarda da su duk sun mutu. Wallahi har haushinta na ji. Na ce a raina, wannan wace irin al'ada ce da za ta binne mutum sau biyu?

Da na ga ba ci gaba, sai na yi abin da ɗan boko yake yi, na tafi neman takarda. Da hutun makaranta na hau mota zuwa Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun Turawa. Kwana uku ina buɗe fayil-fayil masu warin jemage, wasu gara ta cinye rabinsu. A rana ta uku na ci karo da jerin sunayen 'yan dako, da rubutun hannu mai kyau kamar zanen hula. Ga shi nan a tsakiya, Inazuwa. Ba sunan uba, ba sunan gari, ba komai a gabansa. Na ɗora yatsa a kai na daɗe. Wannan ne karo na farko da na taɓa wani abu da ya shafi kakana, kuma ƙaryar ce dai na taɓa.

Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya ji ina ta wannan nema, ya ce in je Lambata in tambayi Baba Tanko Masinja, in yana da rai. Ya ce kafin ya zama masinjan Bature shi ma dako ya yi. Wata Asabar na buga babur na tafi. Na same shi kwance a gadon kara a gindin mangwaro, ya haura tamanin, idanunsa sun yi fari. Da na faɗi wanda nake, sai ya yunƙura ya tashi zaune.

"Jikan Inazuwa? Matso in taɓa wuyanka." Ya shafa ƙeyata da tafin hannu mai kaushi. "Wuyan ne, wallahi. Wuyan dako. Allah ya sa ba ka ɗora masa komai ba sai hula."

Shi ya ba ni labarin yadda aka yi. Ya ce ranar an jera su a gaban barikin Bature ana rubuta sunayen 'yan dako, kakana yana gabansa a layi, ranar ya fara ganinsa. Akawun da ke rubutawa mutumin bakin teku ne, Hausarsa ba ta wuce "zo" da "tafi" da "suna" ba. Kakana kuwa tun asuba yake tafe da akwati a ka, ga fitsari ya matse shi, layi ya ƙi tafiya. Daidai lokacin da aka zo kansa abin ya kai masa iya wuya. Akawu ya ɗaga kai ya ce, "Suna?" Shi kuma ya dire akwati ya ce, "Ina zuwa," ya ruga bayan wata ɗorawa. Akawu ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta abin da ya ji. Kafin ya dawo an wuce kansa. Washegari da safe da aka zo kiran suna, akawu ya buɗe murya ya ce "Inazuwa," layi gaba ɗaya ya kwashe da dariya, kakana ya duba hagu ya duba dama, ya amsa.

Na ce, "Bai nemi a gyara ba?"

"Wa zai yi wa takardar Bature gyara? Da sunan ake auna masa abinci. Abin da ta ce kai ne, to kai ne." Ya yi dariya babu haƙori. Ya ce shi kansa Baturen ya daɗe yana mamakin mutanen da za su ce maka suna zuwa alhali tafiya suke yi.

Na tambaye shi sunan gaskiyar. Ya girgiza kai. "Ɗana, ban taɓa tambaya ba. Wa ya san wata rana za a zo nema?"

Tare aka yi gabas da su. Ya ce a hanyar dawowa zazzaɓi ya kama kakana a bakin wani kogi da ba wanda ya san sunansa a cikinsu. Ya sauke kayansa, ya jingina da wata bishiya, ya ce su yi gaba kada Bature ya yi faɗa. Na ce, da za ku rabu me ya ce? Tsohon ya juyo da fararen idanunsa wajena ya ce, "Kai ma ka sani." Ban san ko ya ƙara gishiri a nan ba, tsofaffi suna son labari ya haɗu baki da baki. Amma sauran na tabbata gaskiya ne. Ya ce da suka iso gida shi ya je ya gaya wa Iya, tana goye da jariri. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ka ga gawarsa?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ai ya ce yana zuwa." Manema suka yi ta sintiri, 'yan'uwanta suka yi faɗa har suka gaji, ta ƙi sake aure.

A hanyar komawa sai da na tsayar da babur a gefen titi. Tun muna yara, kullum in aka kwashe tuwon yamma, Iya takan sa a zuba malmala ɗaya a wani kwano mai murfi, ta ajiye a ɗakinta a kan randa. Da safe ta yi ɗumame ta raba mana, mu jikoki har faɗa muke yi a kansa don ya fi na kowa daɗi. Tuwon baƙo muke ce masa. Ban taɓa tambayar wane baƙo ba. Ashe abincin kakanmu muke cinyewa kowace safiya. Ina tsaye a wurin sai ga matan Gbagyi sun jero daga gona da itace a kafaɗa, rana ta yi ja a bayansu, ba a ganin fuskokinsu sai inuwa. Na ga kamar layin 'yan dakon nan ne ya taso tun daga Kamaru bai tsaya ba. Na tsaya har ta ƙarshe ta wuce, ina duba ko akwai wani a baya.

Cikin wannan tsakanin ne maganar babban birnin ƙasa ta kankama. Aka ce a maƙwabtanmu za a gina shi, kuma sunan garinmu za a ba shi, mu kuma mu koma Suleja. A majalisun ƙofar gida babu hirar da ake yi sai ita. Wasu suna alfahari, wasu suna jin kamar an cire musu riga a kasuwa. Ni na kai wa Iya labarin, ina zaton za ta ce ina ruwanta. Ta juya ta kalli hanya. Can sai ta ce, ba da ni take ba:

"To in ya zo ya tambayi hanyar Abuja, ina za a nuna masa?"

Daga ranar ta sa aka riƙa shimfiɗa mata tabarma a waje sosai, inda mai wucewa ba zai rasa ganinta ba.

Matata Binta ce ta warware abin, kuma tana nan zaune kusa da ni yanzu tana cewa in tabbata na rubuta haka. Lokacin shekararta ɗaya a gidanmu, da tsohon ciki. Wata rana da la'asar tana tsintar wake a faifai, ni kuma na fito da takardar kotun ina kallo ina tsaki. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, ka je Kaduna, ka je Lambata, abin da kake nema kuwa yana tsakar gidan nan. Ka taɓa jin Iya ta ce 'saboda'?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"'Don' take cewa, ko 'domin'. Ranar da na ɗaura zanen da ka kawo mini, ba ta ce sabon zane ba, sabuwar atamfa ta ce. In aka sayo kwano, sabuwar tasa. Sabon Gari a bakinta sabuwar unguwa ce. In wata ya tsaya kuma, jinjirin wata."

Na saki baki. Ni malamin makaranta, mai koya wa yara nahawu, shekara ashirin da bakwai ina jin maganar tsohuwar nan ban lura ba. Na ce yaya aka yi ta gane. Ta ce, "Ni ma ai akwai sunan da nake kewayewa kullum a gidan nan. Mace ba ta rasa gane inda 'yar'uwarta take kaucewa."

Mako guda na yi ina bin maganar Iya da kunne. Haka ne kuwa. Tana tafe cikin zance lafiya lau, sai ka ji ta ɗan ratse, kamar mai tafiya a tsakar gida da ta san inda aka shanya hatsi, sannan ta dawo kan hanya. A bakinta duk abin da aka sayo yau mace ne. Namiji ba ya zama sai tsoho. Sabo. Shekara sittin sunan yana yawo a gidanmu, a daidai gurbin da ba a faɗarsa.

Sai dai zato daban, tabbaci daban. Na ce bari in ɗana mata tarko, kuma wannan har yau ina jin kunyarsa.

"Amarya, abin da ba tsoho ba, me ake ce masa?"

"Yaro."

"To kwanon da ba tsoho ba fa?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, babu dariya a fuskarta. "Angona, wa ya aiko ka?" Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Binta ta yi mini tas. Ta ce abin da mutum ya riƙe shekara sittin ba a fizge shi daga hannunsa yana kwance ba lafiya. Na san gaskiyarta ce. Na bar tambaya, Iya kuma ta ci gaba da ramewa, har ta kai ba ta iya fita ƙofar gida. Aka mayar da shimfiɗarta bakin ƙofar ɗaki inda take hango zaure.

Binta ta tafi gidansu da ke bayan kasuwa, ta haifi namiji. Ana jibi suna na sami Baba a zaure, na durƙusa, na gaya masa abin da muke zato da abin da nake so in yi. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "In kuskure ne fa?" Na ce in kuskure ne, yaro dai ya sami suna mai kyau. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya tashi ya shiga gida.

Ranar suna liman ya raɗa wa yaro Muhammadu, sunan yanka ke nan, saura wanda za a riƙa kiransa da shi. Da rana ta yi sanyi na sa ƙanwata ta ɗauko shi a naɗe cikin zane ta kawo gidanmu, don Iya ba ta iya zuwa ba. Ɗan farina ne, a al'ada ko ɗaukarsa bai kamata in yi a gaban mutane ba, balle kama sunansa. Na karɓe shi a bakin ƙofar ɗakin, na shiga na tsuguna a gabanta. Na ga inuwar Baba ta tsaya a waje, jikin bango.

Iya ta miƙo hannu tana murmushi. "Wane ango aka kawo mini kuma? Yaya aka sa masa?"

Na ce, "Iya, ga Sabo."

Hannuwanta suka tsaya a sama. A hankali ta janye hannu ɗaya, ta kamo bakin mayafinta, ta ja shi ta rufe fuska har haɓa, yadda amarya take yi in ango ya shigo. Tsohuwa mai shekara kusan tamanin! Sannan ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ta sunkuyar da kai. Daga ƙarƙashin mayafin na ji muryarta, wata siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba:

"Sannu da zuwa. Ka daɗe a hanya."

Na fito ban iya tsayawa ba. Baba ya riga ya bar wurin. Na hango shi can bayan gida ya tsuguna da buta, yana ta wanke fuska, alwalar da ba ta ƙare ba har aka kira magariba. Ranar ce ya fara jin sunan ubansa, yana da shekara sittin da 'yan kai. Ranar ce kuma kaɗai na taɓa kama sunan ɗan farina da bakina.

Da aka kwashe tuwon yamma, mahaifiyata ta ɗauko kwanon nan mai murfi kamar kullum. Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Yau kada a ajiye. A kai wa mai jego." Ba a sake ajiye shi ba. Kwana goma sha tara bayan haka ta rasu, da hantsi, ruwa yana sauka a hankali.

Nakan zauna in ce, da Iya za ta leƙo yau, me za ta ce? Ƙofar gidan da take zama yanzu shagon cajin waya ne. Hanyar da take kallo ba a ganin ƙarshenta don motoci. Gari ya cika ya batse har ya haɗe da Gauraka, 'yan haya daga kudu da arewa, kowa da yarensa. Da asuba rabin garin yake watsewa ya nufi waccan Abujar da aka ba sunanmu, kowa yana ce wa iyalinsa yana zuwa, wani da Hausa, wani da Turancin buroka. Ina jin da ta ce duk dangin mijinta ne, ta tambaya ko ana rufe musu abinci. Da an nuna mata waya an ce da wannan ba mai ɓacewa a bakin kogi, na san za ta juya ta a hannu ta ce, "To a kira shi mana," sannan ta rasa sunan da za ta ce a nema.

Takardar kotun nan ban cike ta ba. Ta daɗe a aljihuna har ta yi laushi, daga baya Binta ta hura wuta da ita. Na tafi neman sunan gaskiya don in jefar da na ƙarya, sai na tarar na ƙaryar ma ba ƙarya ba ne. Shi ne maganar ƙarshe da mutumin ya yi, shi ne kuma abin da mace ɗaya ta yarda da shi har ƙarshen ranta. Akawun bai san Hausa ba, amma bai rubuta abin da ba a faɗa ba. Ɗana ya shiga makaranta da sunayen biyu a jere, na gaskiyar a gaba, na akawu a baya. An ce masa "sai ka zo" shi ma, kuma bai mutu ba.

Iya ba ta bar hoto ba. Kabarinta ma yanzu sai dai in nuna wajen da nake zato. Abin da ya rage nata a gidan nan wani ɗan gurbi ne a cikin magana. Yaron da aka sa wa sunan ɗan farin Binta ne, don haka tun ranar sunansa ita ma ta daina faɗar kalmomin nan. Shekara arba'in da shida ke nan "don" take cewa. Garin nan na hanyar Kaduna da kowa ke kira da cikakken sunansa, ita Wuse ta bakin titi take ce masa, direbobi suna yi mata kallon mamaki. Ni ma in ka koma baya ka duba rubutun nan, ba za ka ga na kama kalmar ba sai inda babu makawa. Jikokinmu suna ɗauka tsufa ne. Ba su san Iya ce take ratsewa a bakinmu ba.

Zainab, ke 'yar wannan jaririn ce da aka ɗora a cinyar Iya. Kin tambayi wanda ya ɗora mana suna, ga shi na gaya miki. In kin ga dama ki je kotu ki canza, takardar ba ta da wuyar cikewa, ba zan yi fushi ba. Amma ki fara biyowa ta gida tukuna. Kin ce kina zuwa. Kakarki tana rufe miki tuwo kullum tun ranar.